BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: FALKE DA LAUYA A RIGIMAR GWAMNATI DA INSHORA

 

Sana'armu ta safarar dabbobi an gina ta ne a kan amana da magana. Mutum yakan sayi shanu 40 a Tunfafi ko Gidan Iddar, ba takarda ba sa hannu, sai "Allah Ya sa albarka" da musafaha, kuɗi su biyo baya. In saɓani ya taso akwai sarkin tike, akwai maigida, akwai dattawa, kafin la'asar an kashe wutar. Wannan hanya ita ta riƙe mu tun kaka da kakanni, daga Damagaram har Kumasi, daga Masakori har Ikko, kuma ba wanda zai ce a bar ta.

To amma akwai abokan hulɗa guda biyu da ba su jin wannan yare, wato gwamnati da kamfanin inshora, ko asirans kamar yadda muke faɗi a nan. Ba su san mahaifinka ba, ba su san shekara nawa ka yi ba ka ci haƙƙin kowa ba. Abin da suka sani shi ne takarda, da hatimi, da kwanan wata. Mutum yana iya zama da gaskiya fara fat, ya rasa dukiyarsa don kawai ya kai kukansa a rana ta 61 maimakon ta 60. Na haura shekara 30 a cikin wannan sana'a, kuma galibin 'yan'uwan da na ga sun yi hasara a hannun waɗannan biyu, tun a makon farko aka cinye su, kafin ma su ga ƙofar kotu. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun ɗaukar lauya: yaushe, wane iri, a ina, kuma a kan nawa.

Wasu daga cikinmu suna ƙyamar lauya, suna ganin aikinsa mai da ƙarya gaskiya ne. A littattafan fiƙihu da muka karanta a Islamiyya akwai babin wakilci, kuma malamai sun halatta mutum ya wakilta wanda ya fi shi iya magana ya tsaya masa a husuma, matuƙar dai a kan gaskiya yake. Abin da aka hana shi ne ka sa wakili ya ci maka haƙƙin wani. Sannan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ashe rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne muka yi sake da shi.

KOWACE ƘASA DA DOKARTA

Motar shanu guda takan ratsa dokoki biyu ko uku kafin ta sauke. Nijar, Binin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kwaddibuwa, Kamaru da Cadi duk sun gaji tsarin shari'ar Faransa, kuma suna da dokoki na tarayya guda biyu da suka shafe mu kai tsaye. Ta farko ita ce dokar inshora ta CIMA, wadda aka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, tana aiki a ƙasashe 14. Ta biyu ita ce OHADA, dokar kasuwanci da aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17, babbar kotunta tana Abijan. Nijeriya da Gana kuwa ba su cikin ko ɗaya, tsarinsu na Ingila ne. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025 ba ta taɓa CIMA da OHADA ba, domin yarjejeniyoyi ne daban.

Abin da wannan ke nufi ga falke shi ne, Baristan da ka sani a Katsina ba zai sa riga ya tsaya maka a kotun Maraɗi haka kawai ba, shi ma Metir na Yamai ba zai tsaya maka a kotun Ibadan ba. Inda abin ya faru, can za ka nemi lauya. Sauƙin da ake da shi yana tsakanin ƙasashe 8 na UEMOA, masu sefar yamma, inda aka yarda lauyan wata ƙasa ya yi aiki a wata, misali na Nijar a Kwatano ko Lome. Kamaru da Cadi ba su cikin wannan rukuni, suna CEMAC ne.

INSHORAR MOTA BA TA SHANUNKA BA CE

Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Direba yakan nuna maka takarda ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, motar nan tana da inshora." Gaskiya ya faɗa, amma inshorar dole da kowace mota ke yawo da ita an yi ta ne don mutumin waje: wanda motar ta kaɗe, ko motar da ta daka, ko rumfar da ta rushe. Dokar CIMA ta fitar da kayan da motar ta ɗauko daga cikin wannan wajibi. Shanunka kuwa kaya ne a idon doka.

Haka kart burun, katin CEDEAO mai ruwan ƙasa da aka ƙirƙiro a Kwatano a 1982, da kart roz na ƙasashen CEMAC. Aikinsu shi ne su sa inshorar mutumin waje ta bi mota in ta ƙetare iyaka. Ba su ƙara komai a kan dabbobin da ke ciki. Kuma tun da taswirar CEDEAO ta sauya, duk mai mota ya sa kamfaninsa ya rubuta masa sunayen ƙasashen da katinsa ke aiki a ciki, kada ya dogara da maganar baki.

A ce ka loda bijimai 35 daga Maraɗi, kowane ya tasar ma sefa 400,000, wato dukiyar miliyan 14 ke nan, motar ta kife a hanya, 12 suka mutu, aka yi maza aka yanka 8. Wa zai biya? Ƙofa biyu ce. In kai da kanka ka sayi inshorar kaya a kan hanya, kuma takardar ta ambaci dabbobi masu rai, to kamfaninka za ka nufa. In ba ka saya ba, sai mai mota.

Game da mai mota, OHADA tana da dokar jigilar kaya ta hanyar mota, wadda aka zartar a 2003 ta fara aiki a farkon 2004. Tana hawa kan duk lodin da aka ɗauka ko za a sauke a ƙasar OHADA, ko da ɗaya ɓangaren ba ya ciki. Asalin hukuncinta shi ne mai mota ne ke da alhakin kaya daga ɗauka har saukewa, kuma ba zai fake da cewa birki ne ya tsinke ko taya ce ta fashe ba. Iyakar diyya ita ce sefa 5,000 a kowane kilo, ka ga bijimi mai kilo 300 iyakarsa miliyan ɗaya da rabi, wanda ya wadatar a mafi yawan lokuta. Amma dokar ta bar wa mai mota wata kafa: ɗaukar dabba mai rai yana cikin haɗurran da za su iya wanke shi, domin dabba tana iya mutuwa don zafi ko turmutsutsu ba tare da laifin kowa ba. Ba zai shige ta wannan kafa ba sai ya nuna ya yi duk abin da ya kamata, kuma ya bi umurnin da aka ba shi. A nan ne ake fafatawa, kuma a nan ne lauyan da ya san aikinsa ke bambanta da wanda bai sani ba. In takardar lodi ta nuna adadin shanu, da lafiyarsu, da cewa a tsaya a duba su a wuri kaza, ka ba lauyanka sanda. In babu takardar lodi sam, maganarka ce da ta direba.

Ga masu shakkar inshora ta fuskar addini, akwai tsarin takaful da ke gudana a Nijeriya, kuma CIMA ma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Kowa ya tambayi malaminsa. Amma ko da wane tsari ka shiga, takarda da wa'adi suna nan yadda suke.

KWANAKIN DA KE CIN DUKIYA

A ƙarƙashin dokar CIMA, in hasara ta auku wajibi ne ka sanar da kamfaninka cikin wa'adin da ke rubuce a takardarka, wanda ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba. Amma in sata ce, ko inshorar mutuwar dabbobi, awa 48 ce kacal. Falken da ya tsaya sai ya kai ragowar shanun kasuwa, ya sayar, ya dawo gida ya huta, ya riga ya ba kamfani abin faɗa. Duk da haka wanda ya makara kada ya yanke ƙauna, domin dokar ta ce kamfani ba zai hana diyya don jinkiri ba sai ya nuna jinkirin ya cutar da shi. Ma'aikacin da ke bayan tebur ba lalle ya gaya maka wannan ba, lauya ne zai gaya maka.

Tun daga 2011 kuma, a ƙasashen CIMA ƙa'ida ita ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Zamanin "rubuta mini, in na dawo daga Ikko na biya" ya wuce. Ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi.

In kamfani ya ƙi biya, shekara 2 gare ka ka kai shi kotu. "Dawo mako mai zuwa" da "takardarka tana wurin darakta" ba su tsayar da wannan lissafi. Abin da ke katse shi shi ne wasiƙa mai rajista wadda aka sa hannu an karɓa, ko naɗa ƙwararren da zai kimanta hasarar, ko sammacin kotu. Shi kuwa mai mota, dokar OHADA ta ce ka rubuta masa takardar neman diyya cikin kwana 60 daga ranar sauke kaya, ko cikin wata 6 daga ranar lodi in kayan ba su isa ba sam, sannan ka shigar da ƙara cikin shekara 1. Hasarar da ake gani da ido kuma a rubuta ta tun wurin saukewa, ko a ranar aiki ta farko bayansa. Da yawanmu muna cinye waɗannan kwanaki wajen aika dattawa da jiran alkawari. A aika dattawan, sulhu alheri ne, amma takardar ta tafi tare da su.

A wurin haɗari kuwa, bayan an ceci rai, abu huɗu ne: rahoton jandarma ko 'yan sanda, takardar likitan dabbobi da ta faɗi adadin da suka mutu da dalili, hotuna da wayarka da ke nuna lambar mota da alamar shanunka, da rubutaccen lissafin abin da mahauta suka biya na waɗanda aka yanka. Wannan na ƙarshe kada a ɓoye shi, domin za a cire shi daga diyya, kuma in kamfani ya gano ɓoyo zai rushe maganar gaba ɗaya. In akwai wisiye a kusa, wato jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani da idonsa, kira shi. Takardarsa tana da nauyi a gaban alƙali.

IN RIGIMAR DA GWAMNATI CE

Rigimarmu da hukuma takan zo ta fuska uku: kamun duwan ko kwastan, tuhumar sayen dabbar sata, da rufe iyaka ko hana fitarwa.

Ta ƙarshen nan mun sha ta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A Mayu 2025 kuma, gab da Babbar Salla, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. Irin wannan mataki na ƙasa, duk lauyan da ya ce maka zai sa kotu ta buɗe maka iyaka, kuɗinka yake so. Inda lauya ke da amfani a nan shi ne tsakaninka da wanda ya ba ka kafin alkalami, ko bankin da ya ranta maka, ko mai motar da ta kwana 20 a bakin iyaka: wa zai ɗauki hasarar, kuma me yarjejeniyarku ta ce.

Kamun duwan shi ne mai zafi, domin kayanmu na ci na sha, kullum suna ramewa. Buhun shinkafa yana iya wata 6 a sito, saniya ba ta iyawa. Saboda haka abin da za ka fara tambayar lauya shi ne hanyar gaggawa: a saki dabbobin bisa jingina, ko a sayar da su da izinin alƙali a ajiye kuɗin har a gama shari'a. A ƙasashen Faransanci, rahoton da jami'an duwan biyu suka rubuta yana da ƙarfin da rushe shi sai an sha wuya, don haka kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. Akwai kuma sulhun da duwan ke yi, ka biya tara a rufe magana. Sau da yawa shi ne mafita mafi arha, amma da zarar ka sa hannu ka rufe wa kanka ƙofar kotu. Kiran lauya a waya na minti 10 kafin sa hannu ya fi shari'ar shekara 2 bayansa. Kuma duk abin da ka biya, ka karɓi rasit na baitulmali. Abin da aka miƙa ta bayan mota ba lauyan da zai iya dawo maka da shi.

In ka yanke shawarar jayayya da hukuma, a nan ma wa'adi gajere ne. A Kamaru, sai ka fara rubuta wa hukumar kanta takardar koke, cikin wata 3 in soke hukunci kake nema, ko cikin wata 6 in diyya ce. In ta yi shiru wata 3, an ƙi ke nan, sai ka garzaya kotun da ke shari'a da gwamnati cikin kwana 60. Sauran ƙasashen Faransanci suna da makamancin wannan tsari, kowace da nata kwanakin. A Nijeriya akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata 3 kawai don shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa, ko da yake kotuna sun yi mata togaciya a wasu wurare. Hukumomi da dama kuma sai an ba su rubutacciyar sanarwa kafin a kai su ƙara, sannan maganar kwastan Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin jin ta. Wanda ya kai ƙara kotun da ba ita ba, ya ɓata kuɗi, wa'adi kuma yana tafiya.

Daɗin daɗawa, cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. A ƙasashen OHADA ba a kama dukiyar gwamnati kamar yadda ake kama ta ɗan kasuwa, a Nijeriya ma akwai dokar da ke neman yardar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Lauyan kirki zai gaya maka wannan tun ranar farko, ku auna ko abin ya cancanci wahalar.

Game da tuhumar dabbar sata, Allah Ya tsare mu, a ƙasashen UEMOA dokar lauyoyi ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, ba sai an kai gaban alƙali ba. Garkuwarka ta gaske a nan ita ce tikitin kasuwa, da sunan dillalin da ya tsaya wa mai dabbar, da takardar likitan dabbobi. Masu bin hanyar Cadi da Kamaru su riƙe fasfon dabbobi na hukumar CEBEVIRHA mai mazauni a Njamaina. A kuma lura, takardar ƙetare iyaka ta makiyaya da CEDEAO ta tsara a 1998 ta masu kiwo ce, ba ta maye gurbin takardun fitar da dabbobin sayarwa.

YADDA AKE ZAƁEN LAUYA

Yadda ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, haka lauya.

Na farko, ka tabbata lauya ne. Bakin kowace kotu akwai masu jaka da kwat da ba su taɓa shiga makarantar shari'a ba. A ƙasashen Faransanci sunan kowane lauya yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi, ƙarƙashin shugabansu da ake kira Batoniye. A Nijeriya lauya yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli, da hatimin ƙungiyar NBA da yake liƙawa a takardunsa. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce.

Na biyu, ka tambaye shi shari'ar inshora ko ta duwan nawa ya taɓa yi, kuma yaya suka ƙare. Gwanin shari'ar gado da filaye ba lalle ya san wa'adin kwana 60 na jigilar kaya ba.

Na uku, ka tambaye shi ƙarara ko yana yi wa wannan kamfani ko wannan hukuma aiki. Kamfanonin inshora suna riƙe da lauyoyi da yawa a kan albashin shekara, kuma a Nijar galibin lauyoyi a Yamai suke, da'irar ba ta da faɗi. Dokar aikinsu ta hana mutum ya tsaya wa ɓangare biyu, amma tambayarka ce za ta fito da maganar fili.

Na huɗu, harshe. In ba ya jin Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi, ka tafi da naka tafinta wanda ka yarda da shi, ɗanka ɗan boko ko sakataren ƙungiya. Ka gaya wa lauya gaskiya duka, har wadda ba ta yi maka daɗi. In shanu 40 ka loda aka rubuta 32 a takardar duwan, gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin abokin shari'a.

Na biyar, duk wanda ya ce maka "alƙalin nawa ne, kawo abin da za a kai masa," tashi ka ba shi wuri. Haramun ne, laifi ne a doka, kuma sau da yawa kuɗin a aljihunsa suke tsayawa. Haka wanda ya rantse maka za ka ci. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

MAGANAR KUƊI

Mu da ke yanka la'ada kafin a kama igiya, bai kamata mu ji nauyin yanka kuɗin lauya ba. A rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin aikinsa, har zuwa wane mataki, ko ɗaukaka ƙara tana ciki, wa zai biya kuɗin kotu da na wisiye da na mota in zai taso daga Yamai zuwa Ƙonni ko daga Garwa zuwa Kusiri. A Nijeriya an yarda lauya ya yi aiki a kan kaso daga abin da aka samo a shari'ar dukiya. A tsarin Faransanci kuwa ba a yarda ya dogara da kaso kaɗai ba, sai dai a yanka kuɗin aiki, a ƙara masa lada in an yi nasara. Kowane biya da rasit. Takardunka na asali su zauna a hannunka, ka ba shi kofe, in kuma kotu ta buƙaci na asalin ya sa hannu ya karɓa. Ka nemi kofen duk takardar da ya shigar da sunanka, da ranar zama na gaba. In diyya ta fito, ka nemi ganin takardar da ta nuna adadin daga kamfanin kansa.

In kun saɓa a kan kuɗi ko ya yi watsi da aikinka, akwai inda ake kai kuka: wurin Batoniye a ƙasashen Faransanci, ko reshen NBA da kwamitin ladabtar da lauyoyi a Nijeriya.

BA KOWACE RIGIMA KE SON LAUYA BA

Kada kuma a ce na ce a kai kowace magana kotu. In shanunka sun shiga gona a kan hanyar kora, a Nijar dokar kiwo ta 2010 ta sa a fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu, kuma nan ne ya fi arha. In hasarar maraƙi biyu ce, kuɗin lauya zai fi su. In kamfanin inshora yana jan ƙafa ne kawai, kana iya kai koke kyauta ga ofishin kula da inshora na ma'aikatar kuɗi a ƙasashen CIMA, ko hukumar NAICOM a Nijeriya, ko ofishin kart burun na ƙasar da haɗarin ya auku. Wani lokaci wasiƙa ɗaya mai kan takardar lauya, da ta ambaci sashen doka da kwanan wata, takan fito da abin da zirga-zirgar wata 8 ba ta fito da shi ba. Ka biya kuɗin wasiƙar kaɗai, ka ga abin da za ta haifar.

SHAWARA GA SHUGABANNINMU

Falke ɗaya ba zai iya riƙe lauya a ƙasa huɗu ba, amma ƙungiya tana iyawa. Shawarata ga shugabanni, Allah Ya ƙara musu haƙuri da mu, ita ce a ɗora wani ɗan abu a kan kowace mota da ta tashi, a zuba a asusu na musamman mai masu sa hannu uku. Da shi a ƙulla yarjejeniyar shekara da lauya guda a kowace babbar hanya: ta Ƙonni da Illela, ta Ɗan Isa da Jibiya, ta Maigatari, ta Gaya, da ta Kusiri da Gambaru. Sharaɗin farko shi ne ya ɗauki waya ko da tsakar dare ne. A buga lambobinsu a kati, kowane ɗan rakiya ya sa a aljihu.

Sannan a sa lauyan ya tsara mana takardar lodi guda ɗaya, Hausa a gefe, Faransanci da Ingilishi a gefe, mai gurbin adadin dabbobi, da kimarsu, da sunan mai mota da lambarta, da wuraren tsayawa. A buga ta da yawa a ajiye a kowace tasha, kada mota ta tashi sai an cika ta. In kuma muka je wa kamfanin inshora a ƙungiyance da motoci ɗari, farashin da za a yanka mana da sharuɗɗan da za mu iya sa a gyara ba za su zama irin na mutum ɗaya ba. Kafin a sa hannu lauyanmu ya karanta ƙananan rubutun nan na bayan takarda, ya fassara mana su a taro, musamman inda aka jera abin da ba a biya.

Ina roƙon a sa wannan magana cikin ajandar babban taro mai zuwa, kuma duk ɗan'uwan da ya taɓa shiga irin wannan shari'a, ya ci ko an cinye shi, ya zo da takardunsa mu duba tare, don na baya su amfana.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kare dukiyarmu daga hasara, Ya raba mu da cin haƙƙin kowa. Wassalamu alaikum.